Tanti Mai Lamba Bakwai

Sati biyu bayan sojoji sun miƙa mulki, cikin watan Yuni na 1999, aka yi sanarwa a rediyo cewa duk wanda kwamitin tsabtace gari ya taɓa kwashe wa kaya ya je ya duba nasa, an buɗe sito. Dauda bai ji sanarwar ba. Malam Almu ne ya kawo masa labari, maƙwabcinsa a bakin Babbar Kasuwa, mai sayar da igiya da buhunan hatsi. Lokacin Dauda na durƙushe a kan tamfol ɗin wata babbar mota yana ɗinki. Ya soke basilla a jikin tamfol ɗin ya miƙe, ko takalmi bai tsaya nema ba sai da Malam Almu ya tuna masa.

Dauda mutumin Zonkwa ne. A soja ya koyi ɗinkin tamfol, shi ya sa 'yan kasuwa ke ce masa Kofur. Da ya ajiye kaki sai ya zauna a Katsina da matarsa Esther, suka kama haya a Ƙofar Guga, sun fi shekara ashirin a gida ɗaya. Ɗansu guda, Elijah, yana karatu a Zariya. Direbobi sun san Dauda da aiki mai ƙarko da kuma saurin hawa, amma kafin abin da ya same shi fushinsa ba ya kwana.

Abin ya faru ne shekara uku da suka wuce. Wata ranar Laraba ya tafi sayen zare, da ya dawo ya tarar an ajiye masa tanti a naɗe cikin rumfa. Kore ne, mai kauri, irin wanda masu safiyo ke kwana ciki in sun shiga daji awon ƙasa, an rubuta lamba bakwai da farin fenti a gefensa. Ba wanda ya ga mai kawo shi, don Malam Almu ya tafi sallar azahar. Amma a cikin labulen ƙofar tantin, dab da inda ya yage, an yi rubutu da shuɗin alƙalami mai kaurin baki: "Yaya Dauda, don Allah ka ɗinke mini kafin Asabar. Joseph."

Joseph ɗan garinsu ne. Ranar da ya sauka Katsina da jaka ɗaya, Dauda ne ya ɗauko shi daga tasha, ya shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa. Wata goma sha ɗaya ya yi yana cin tuwon Esther kafin ya sami aikin kula da kaya a wani ofishin safiyo na gwamnati. Daga baya ya yi aure, suka haifi 'ya mace mai suna Precious, ya zama sakataren cocinsu. Tantin na ofis ne. Ya fito da shi ba da sanin kowa ba, matasan coci suka yi taro da shi a bayan gari, iska ta yaga shi.

Ranar Juma'a, kafin Dauda ya gama ɗinkin, sojojin kwamitin suka iso da tifa, suka ce rumfunan layin sun ci titi. Cikin rabin awa suka kwashe kekensa na ɗinki da tamfol huɗu na mutane da tantin. Dauda ya tafi ofishin su Joseph a guje, ya same shi tsaye da shugabansa a baranda, ya faɗa masa da ƙarfi, yadda ya saba magana, cewa sojoji sun tafi da tantinsa mai lamba bakwai. Ashe tun safe ake neman tantin a ofis. Shugaban ya juya ya dubi Joseph. Joseph ya dubi Dauda ya ce, "Wane tanti? Ni ban ba ka komai ba."

Shugaban ya sa aka kira 'yan sanda, kwana tara Dauda ya yi a rufe. Kwana biyun farko da dorina aka riƙa tambayarsa wa ya sayar masa da kayan gwamnati. Ya ce a je a duba labulen tantin, sunan mai shi yana nan da hannunsa. 'Yan sanda suka ce su ba su isa su buɗe siton soja ba, sojoji kuma suka ce ba su san da wani tanti ba. Malam Almu ne ya yi ta zirga-zirga har aka ba da belinsa, maganar kuma ta mutu a haka don babu kayan da za a nuna wa alƙali. Amma a coci ba ta mutu ba. Lahadin da ta biyo baya aka karanta takarda a gaban jama'a cewa an dakatar da Dauda daga cikin dattawan ikilisiya har sai ya tuba. Sakatare ne ke karanta takardu. Joseph ne ya karanta ta, Esther tana zaune a layi na uku. Tun ranar Dauda bai sake taka cocin ba.

Siton da Dauda da Malam Almu suka nufa yau wani tsohon gidan ajiyar taki ne, kwanon rufinsa ya huje a wurare da dama. Wani akawu da ya toshe hanci da hankici ya nuna musu ƙofa ya ce kowa ya shiga ya ɗauki abin da ya gane, shi dai so yake wurin ya zama fayau kafin ƙarshen wata. Tebura ne da baro da allunan shaguna an jibge su har sama. Dauda ya fara cin karo da kan kekensa, ya yi tsatsa har ƙafar ba ta motsi. Ya ture shi gefe. Sai da suka ɗage tebur goma sha wani abu shi da Malam Almu kafin suka kai ga tantin, a can ƙasa, a kan daɓe mai laima, daidai inda rufin ke yoyo.

Damina uku ta wuce a kansa. Koren ya ɓace, hunhuna ta rufe shi, baƙa a wani wuri, fara mai gashi-gashi a wani wurin, warinta kuma ya sa Malam Almu ja da baya yana tari. Dauda ya durƙusa a nan cikin duhun sito ya warware naɗin, ya nemo labulen ƙofa. Baƙi ne ƙirin tun daga sama har ƙasa, kamar an shafa masa bakin tukunya. Ya kai yatsa zai kankare, Malam Almu ya riƙe masa hannu.

"Kofur, in ka sa farce yanzu da rubutun za ka tai. Bari shi sha rana tukuna."

A kura suka tura shi har Ƙofar Guga. Iya Baraka, tsohuwar da ke da gidan, ta tare su tun daga zaure ta ce wannan mushen ba zai shigar mata gida ba, tana da jikoki, tana da asma. Dauda ya buɗe baki zai yi musu, Esther ta riga shi, ta ja Iya gefe ta gaya mata ko wane tanti ne. Iya Baraka ta san labarin, don ita ta riƙa ɗaura wa Esther abincin da ake kai wa Dauda lokacin da yake a rufe. Sai ta ce a kai shi filin bayan gida, wajen igiyar shanya, amma kada a kakkaɓe shi sai iska ta juya gabas.

Washegari Dauda bai je kasuwa ba. Ya kafa tantin a filin, ya ja igiyoyi har ya miƙe tsaf, ya buɗe ƙofofinsa rana ta shiga ko'ina. Ya san aikin tun daga bariki: ba a sa wa hunhuna ruwa tana ɗanya, sai ta ƙara shiga zare. Sai ta bushe ta mutu sannan a goge. Amma damina ce. Rana ta yi awa uku sai hadari ya taso daga gabas, ya kwance, ya ja shi cikin zaure, ya sake kafawa da gari ya washe. Tantin ya fi buhun gero nauyi. Kwana huɗu yana haka, kowane kafi da kowace kwancewa yana magana shi kaɗai, yana kiran sunan Joseph.

Da ya bushe ƙarau, sai ya ɗaure hanci da tsumma ya shiga gogewa da busasshen buroshi. Ƙura baƙa ta riƙa tashi tana sauka a gashinsa da girarsa, in ya yi kaki baƙi yake fitarwa. Ya fara daga rufi, ya sauko bango ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. Labulen ƙofar kaɗai bai taɓa ba, ya naɗe shi a tsohon zane ya ɗaure.

Ƙurar ta tafi amma tabon yana nan, ɗigo-ɗigo baƙi da ruwan toka. Esther ta sayo kwalbar ruwan bilic a kanti ta kawo masa, ta ce matan asibiti da shi suke cire tabo a zanen gado. Dauda ya fisge kwalbar ya yi jifa da ita ta haye katanga. Ya ce so take ta cinye zaren ta cinye rubutun gaba ɗaya, ko ita ma aiko ta aka yi? Esther ta dube shi, ta koma madafa.

Iya Baraka ce ta kawo shawarar lemun tsami da gishiri, ta ce da su take fitar da hunhuna daga mayafanta in sun daɗe a adaka. Dauda ya sayo kwandon lemu a kasuwa. Ya matse a roba, ya zuba gishiri har ya yi kauri, ya gwada a ƙasan bango inda ba a gani. Ya shafa, ya bar shi a rana har ya bushe ya yi fari, ya ɗauraye da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanki, ya sake ɗauraya da ruwa zalla. Tabon ya dushe. A shafi na uku koren ya fara leƙowa. Haka ya bi tantin taƙi bayan taƙi, lemu na cin tsagar da basilla ta yi masa a yatsu, bai fasa ba. Lamba bakwai ta fito fes, farin fentinta ko gezau.

Ranar da ya cika kwana goma yana wannan aiki, wani direba ya zo har gida yana faɗa a kan tamfol ɗinsa da aka bari rabi a ɗinke, dole Dauda ya bi shi kasuwa. Yana can ruwa ya sauko ba sanarwa. Esther da Iya Baraka suka kwance tantin su biyu, suka ja shi cikin ruwa da taɓo har zaure, suka ninke shi don ya shiga. Dauda ya dawo ya tarar da shi a ninke da laima. Ya hau faɗa tun daga bakin ƙofa, ya ce aikin kwana goma sun mayar masa baya, wa ya ce su ninke, ba su da hanci ne ba su san abin da laima ke yi ba. Iya Baraka tana tsaye zaninta na ɗigar ruwa, numfashinta na fita da ƙyar. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Baban Elijah, ni ban rufe ka ba, ita ma ba ta rufe ka ba." Ta shige ɗakinta. Sai da magariba ya je bakin ƙofarta ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Esther kuwa bai ba ta haƙuri ba.

Sai da ya gama da tantin duka, ba sauran inda zai fake, sannan ya kwance zanen da ya naɗe labulen. Ya shimfiɗa shi a kan benci a inuwar bishiyar darbejiya. Buroshi ya yi wa wannan wuri ƙarfi, sai ya nemo gashin kaza ya riƙa share busasshiyar hunhunar a hankali yana hurawa. Sannan ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma a ruwan lemu, ya ɗiga a wuri ɗaya, ya danna da tsumma mai tsabta. A ɗigo na farko ya ga abin da yake tsoro: tsumman ya ɗauko baƙi, ya ɗauko shuɗi kuma. Lemun ba ya bambanta tabo da tawada. Ya ƙara wa ruwan lemun ruwa har ya kusa salancewa, ya rage gishiri, ya ci gaba, yana kewaye inda yake zaton haruffa suke. Mutumin da ke ja da tamfol ɗin tirela shi kaɗai ya wuni a kan wurin da bai kai tafin hannu ba, haƙoransa a cije, wuyansa ya sandare.

Rana ta biyu haruffa suka fara fitowa, shuɗi mai haske kamar jijiya a bayan hannu. "Yaya Dau" ya fito sarai. Bayan shi babu komai sai dabbare-dabbare, sannan "kafin As". Dauda ya kira Esther ta gani. Saura layin ƙasa, inda sunan yake.

Rana ta uku ya isa wurin. Nan ne ruwan sito ya fi kwanciya. Yana danna tsumma ya ji zaren ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya ɗaga hannu da sauri, amma guntun ya biyo tsumman. Ya yi ƙoƙarin mayar da shi, sai ya marmashe a yatsunsa. Inda sunan Joseph yake ya zama rami, yana hango katakon benci ta ciki.

Ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya miƙe ya yi ƙwallo da robar lemun, ya zare sanda ɗaya daga cikin sandunan tantin ya shiga jibgar bangon da ya yi sati biyu yana wankewa. Tantin ya rushe, bai daina ba. Kaji suka watse, yaran maƙwabta suka leƙo ta katanga aka janye su. Sai da sandar ta karye biyu ya zauna a ƙasa yana haki.

Esther tana tsaye a bakin madafa tun da ya fara. Ta zo ta ɗauki robar ta kife ta, ta tsaya a kansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shi kwana tara aka rufe shi, ita shekara uku ke nan tana shiga cocin nan ita kaɗai tana zama a bencin ƙarshe, matan zumuntar coci na matsar da jakunkunansu in ta zauna kusa. Ta ce shi ya sami wurin zuba fushinsa, a kanta da kan Elijah, har yaron ya gwammace ya yi hutu a makaranta, ita kuwa nata fushin ba ta da inda za ta kai shi. Ta ce ta gaji.

Dauda ya ce to me take so ya yi, sunan ya tafi.

Ta ɗago labulen ta nuna masa kalmar farko. "Duk Katsina wa ke ce maka Yaya? 'Yan kasuwa Kofur suke cewa, 'yan coci Baban Elijah. Ka tashi ka gyara sandar nan. Jibi Lahadi."

Ranar Asabar ya ɗaure sandar da waya, ya narka kakin kyandir a kananzir ya shafe ɗinkunan rufin yadda ruwa ba zai bi ba. Ramin bai taɓa shi ba. Lahadi da sassafe Malam Almu ya zo da kura, ya raka su har bakin cocin da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ya ce shi zai jira a gindin bishiya a tsallaken titi. Dauda da Esther suka kafa tantin a tsakiyar harabar, daidai hanyar shiga, suka ɗage labulen suka maƙale shi yadda cikinsa zai kalli duk mai wucewa.

Mutane suka fara zuwa da littattafan waƙa a hannu, suka riƙa tsayawa. Waɗanda suka yi taron matasa a wancan lokaci sun gane tantin, suka soma raɗa. Fasto ya fito da rigarsa, ya gaishe da Dauda da fara'a, ya ce an yi murna da ganinsa, amma wannan abu ai da an kai shi ofis an zauna. Dauda ya ce a fili aka karanta sunansa.

Joseph ya iso a kan babur, matarsa a baya, Precious a kan tanki. Ya yi ƙiba a shekarun nan. Ya kashe babur ya sauka, idonsa a kan lamba bakwai. Mutane suka buɗa masa hanya ba tare da kowa ya ce su buɗa ba. Ya zo ya sunkuya ya karanta abin da ya rage a labulen, ya ga ramin, ya daɗe a kansa. Da ya ɗago, fuskarsa ta saki. Ya ce shi bai ga sunan kowa a nan ba, kuma shuɗin alƙalami ko'ina ana sayar da shi, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama ya kawo coci ya ɓata wa mutane sujada.

Dauda bai san lokacin da ya shaƙo wuyan rigarsa ba. Maɓallai suka zuba. Ya ɗaga shi har dugadugansa suka bar ƙasa, ɗaya hannun a dunƙule, maza uku suka rataya a kafaɗarsa. Precious ta fashe da kuka. Dattawa suka shiga cewa ga shi nan, halin nasa ke nan, ai dama.

"Ni na riƙe babur ya ɗaure tantin nan."

Maman Precious ce, matar Joseph. Tana nan inda ta sauka, jakarta a ƙirji. Ba ta da yawan magana, wasu ma ba su san muryarta ba. Ta ce ranar Laraba ce, ita ta miƙo masa igiya, ya ce zai kai wa Yaya Dauda ya ɗinke kafin a farga a ofis. Alƙalamin ma yana nan a cikin durowa a gida. Ta ce ya roƙe ta ta yi shiru don aikinsa, ta yi, shekara uku ba ta iya haɗa ido da Maman Elijah, kuma tun lokacin ba ta ƙara karɓar gurasar jibin Ubangiji a coci ba, ba wanda ya tambaye ta dalili.

Joseph ya ce mata ta rufe baki. Ta ce ta riga ta gama.

Dauda ya sake shi. Joseph ya zauna a kan dakalin harabar, rigarsa a buɗe, ya rufe fuska. Fasto ya yi gyaran murya ya ce to, Allah ya bayyana gaskiya, yanzu sai 'yan'uwa su shiga ciki su yi addu'a su riƙe hannun juna, a bar abin da ya wuce. Dauda ya ce ba zai riƙe hannun kowa ba. Ya ce wanda ya tsaya a gaba ya karanta takarda, shi zai sake tsayawa a wurin ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, kuma dattawan da suka sa hannu a takardar ba tare da sun zo sun tambaye shi ko sau ɗaya ba, su ma su miƙe tsaye lokacin da ake faɗa. Wani dattijo ya ce wannan ai cin fuska ne. Esther ta ce masa, Baba, ita ta san yadda cin fuska yake a cocin nan, tsayuwar minti biyu ba ta kai shi ba.

An yi hakan bayan wa'azi. Joseph ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, wata tsohuwa daga baya ta ce ba a ji, ya maimaita. Dattawa biyar suka miƙe, ɗaya ya ƙi. Dauda yana tsaye a bakin ƙofa, bai shiga ba, yana ji ta taga. Da aka tashi suka ce ya dawo kujerarsa, ya ce su riƙe abarsu tukuna. Ya tsallaka titi ya gaya wa Malam Almu yadda aka yi. Malam Almu ya ce alhamdu lillahi, ya tambaye shi ko yanzu zuciya ta yi sanyi. Dauda ya ce a'a.

Tantin a nan ya bar shi, ya ce wanda ya fito da shi ya mayar. Joseph ya kai shi ofis ranar Litinin yana jiran kora. Shugaban da ya san maganar an daɗe da yi masa canji, sabon bai taɓa jin labarin wani tanti ba, ya ce a jefa shi sito, ya ma yaba da tsabtarsa. Da labarin ya zo wa Dauda a kasuwa, sai da ya ajiye basilla ya zagaya bayan rumfa.

Ranar Alhamis da la'asar ya dawo gida ya tarar da Maman Precious zaune a tabarmar Esther, da 'yarta da ƙullin kaya. Dangin Joseph sun taru a kanta, sun ce ta tona wa mijinta asiri a gaban duniya, shi kuma ya daina cin abincinta, ya daina yi mata magana. Ba ta da kowa a Katsina. Da ta ga Dauda ta zame daga tabarmar ta durƙusa, ta fara ba shi haƙuri. Ya ce ta tashi. Ya tsaya yana kallon yarinyar, wadda ta ɓuya a bayan uwarta don ta gane shi. Esther ba ta roƙe shi ba, ta dai ce ɗakin Elijah ba kowa. Ya shiga ɗakin ya fito da tarkacen zare da guntayen tamfol da ya tara a ciki, ya share, ya ɗaura musu gidan sauro.

Kwana goma sha shida suka yi. Ranar da Joseph ya zo biko, tare da fasto, Iya Baraka ce ta shigo da su ta ba su wurin zama a tsakar gida. Dauda yana kan benci yana cin dafaffiyar gyaɗa. Fasto ya gaishe shi ya amsa, ya tambayi iyali da aiki. Joseph ya durƙusa daga nesa ya ce, "Yaya, ina wuni."

Dauda ya ce kada ya ƙara kiransa da wannan suna. Ya ce matarsa tana ciki, in ta yarda ta bi shi to, in ba ta yarda ba tana nan har ranar da ta ga dama, kuma in ya ji an sake taruwa a kanta shi da kansa zai zo gidan. Sannan ya kwashi gyaɗarsa ya fita zaure, ya bar su da matan.